Sallow: Kundin Bin Sawun Wata Kalma da Bishiyarta

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan ina aikin jinya a wani asibiti a yankin Manchester, kuma tun farkon zuwana na san kalmar sallow. A takardun marasa lafiya nake cin karo da ita. Idan likita ya rubuta cewa fatar mutum ta yi sallow, yana nufin ta koɗe, ta yi rawaya-rawaya marar haske, irin ta wanda ciwon ƙoda ya daɗe a jikinsa ko wanda jininsa ya yi ƙasa. Furucinta kusan kamar mu ce "salo". A wurina kalmar gadon asibiti ce, ba ta da wani gida sai nan.

Yau da hantsi ina shanya, dattijon maƙwabcinmu ya leƙo ta saman katanga muka gaisa. Ya ce zai tafi 'yar gonar da yake haya a wurin hukumar gari, ya rage rassan sallow kafin su tare masa rana. Na ɗauka kunnena ne, na sake tambaya. Ya ce bishiya ce, kuma sunan garin nan da muke zaune, Salford, daga gare ta ya fito.

Abin ya tsaya mini a rai. Kullum ina rubuta sunan garin a adireshi, kullum ina karanta kalmar a wurin aiki, ban taɓa haɗa su ba. Na buɗe wannan kundi don in bi kalmar har tushenta, in ga bishiyar da idona, in kuma Allah ya yarda in raya guda a gidan nan.

Talata, 11 ga Fabrairu

Bayan na tashi daga aikin dare na biya laburare, na zauna da babban ƙamus. Ashe kalmomi biyu ne, kowace da gurbinta. Ta bishiya daga tsohon Turanci sealh take, 'yar'uwar salix ta Latin, sunan da masana tsirrai ke kiran dangin bishiyar duka da shi. Ta launin fata kuwa daga salo ko salu take, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ma'anarta ta farko "mai duhu" ce. Zamani ne ya yi ta goga su har suka zama rubutu ɗaya, furuci ɗaya. Na tuna kukarmu: kukar miya daban, kukan hawaye daban, sai dai mu karin murya yana raba mana su, su kuwa babu abin da ke rabawa sai jimlar da kalmar ta zauna a ciki.

Na daɗe ina ganin wannan kalma ta asibiti ba don fata irin tamu aka yi ta ba. Mu cikin fatar ido muke dubawa, da tafin hannu, da harshe. Sai ga shi asalinta duhu take nufi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na fita nema ni da 'yata. Mun bi gefen kogin Irwell ta Peel Park, wurin shaƙatawar da aka buɗe tun 1846. Sanyi kamar ya tsinke yatsu, bishiyoyi duk tsirara, babu ganye ko ɗaya. Na ɗauki hoton wata mai dogayen rassa sirara da suka zubo har suna taɓa ruwa, na dawo da murnata na nuna wa Dattijo. Ya girgiza kai. Dangi ɗaya ne, in ji shi, amma ba ita ba ce.

Ya zaunar da ni ya rarrabe mini. Willow shi ne sunan gidan gaba ɗaya, kuma yawanci idan an faɗe shi masu dogon ganye siriri ake nufi. Waɗanda ake yanka tsumagiyarsu a saƙa kwando su ne osier. Sallow kuwa gajeru ne, masu faɗin ganye kamar na tuffa, sau da yawa ma sun fi kama da kurmi-kurmin itace fiye da bishiya mai gindi ɗaya. Maigida ya ce da Larabci safsaf ake ce wa dangin. Dattijo ya ƙara da cewa mahaifinsa, mutumin Ayilan, sally yake ce mata.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau aka fara dashe. Mun je gonar Dattijo, ya nuna mini babbar bishiyar da ke kan iyaka, tsawonta ya kusa kai bene mai hawa biyu, ɓawonta toka-toka da 'yan tsage-tsage masu siffar lu'ulu'u. Daga jikinta muka yanki rassa 8 masu kaurin fensir, kowane ya ɗan fi taƙi ɗaya. Can bakin lambatu akwai wata gajeruwa, ya ce ita ma sallow ce, muka ƙara 4 daga jikinta. 'Yata ce ta ce a ɗaura wa kaskon waɗannan huɗun jan zare don kada su cakuɗe da sauran.

Dattijo ya ce dangin nan ko sanda ka soka a ƙasa mai laima za ta yi saiwa. Ban yi musu ba, don na taso ina ganin yadda ake kafa shingen bini-da-zugu da aduruku a gidan kakata, a sari reshe a kafa, damina ta yi sauran.

Kuɗin da na kashe: kaskon roba 12, fam 6. Buhun ƙasar shuka, fam 5 da rabi. Almakashin yanka reshe, fam 8. Jimla fam 19 da rabi. Na jera kaskon a jikin katanga inda rana ba ta dukansu sosai.

Asabar, 1 ga Maris

Azumin farko. Na ba su ruwa bayan sahur. Ba wani canji.

Lahadi, 9 ga Maris

Babbar bishiyar ta yi fure alhali ko ganye ɗaya ba ta fitar ba. Furen wasu 'yan tuntaye ne masu laushi, launin azurfa, kamar gashin ɗan kyanwa, shi ya sa yawancin mutanen nan pussy willow suka san ta da shi. Na gwada abokan aikina shida a ɗakin hutu. Dukansu sun san wannan suna, mutum ɗaya ce kawai ta san sallow a matsayin bishiya, ita ma don mijinta mai sha'awar ƙwari ne. Ke nan bishiyar ba ta yi ƙaranci ba, tana ko'ina, gefen layin dogo, bakin kududdufi, kangon masana'anta. Sunan ne ya ja baya.

Wani abin da na koya yau: a wannan dangi namiji daban, mace daban, kamar dabino da gwanda. Ta gonar Dattijo namiji ce. Wasu tuntayen sun fara buɗewa sun koma rawaya saboda ƙurar fure, ƙudan zuma kuwa sun yi mata caa, don a wannan lokaci na shekara abincinsu bai yawaita ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na hau jirgin cikin gari na layin Altrincham na sauka a Sale, ba don komai ba sai don sunan. Shi ma daga salh yake, wato "wurin bishiyar sallow". Salford kuwa sealh ne da ford, mashigin ruwa inda ake tsallakawa da ƙafa, ma'ana mashigin da ke wurin waɗannan bishiyoyi. Sunan ya tsufa ƙwarai, yana cikin kundin ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Na tsaya a kan gada da na dawo, na dubi Irwell tsakanin dogayen gine-gine, na yi ta ƙoƙarin hango shi babu gada, mutane na tattare tufafi suna ratsawa, gaɓar duk wannan itace. Mu ma haka muke sa wa wuri suna, Rimi, Tsamiya, Kukar wane, Ɗorayi, har bishiyar ta faɗi sunan na nan.

A Sikotilan kalmar ta zama saugh ko sauch, kuma ita ce a farkon sunan shahararren titin nan na Glasgow, Sauchiehall, fadamar da wannan itace ya cika. Jamusawa na cewa Salweide. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci za su gane wani abu a nan: saule sunan bishiyar ne, sale kuma mai dauɗa, kuma kalmomin biyu daga tushen nan biyu suka fito, ɗaya na itacen, ɗaya na duhun launi. Faransanci ya bar su a rabe, Turanci ya haɗe su.

Kuɗin jirgi bai kai fam 5 ba.

Asabar, 22 ga Maris

Dattijo ya ce akwai wata kalmar da ba zan gane ta a takarda ba, sai na fito da dare. Bayan mun sha ruwa mun yi sallah, muka tafi gonar ni da maigida da yara. Kalmar ita ce sallowing, kuma ta masu nazarin faɗa-wuta ce: zuwa gindin sallow mai fure da daddare da fitila don ganin ƙwarin da ke shan zaƙinta. Ya shimfiɗa farin zanen gado a ƙasa, ya ɗan taɓa reshe a hankali, sai ga su suna faɗowa, masu launin ƙasa-ƙasa, sun ƙoshi har ba sa iya tashi nan take. Idan hasken tocila ya faɗa musu idanunsu na ƙyalli kamar garwashi. Mun ƙirga 14, muka bar su suka farfaɗo suka koma.

Akwai ma wani faɗa-wuta da sunansa ke nan, Sallow. Shi da kaka yake fitowa, launinsa rawaya. Da na ga hotonsa na ce to, wannan kam daga launi aka sa masa suna. Ba haka ba ne. Tsutsarsa ce ke fara rayuwa a cikin furen bishiyar.

Laraba, 26 ga Maris

Alhamdu lillahi, duka 12 sun yi toho, wasu har ganye huɗu. Na aika wa Baba hoto.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah, kuma a daren ne aka tura agogo gaba da awa ɗaya. Ban duba kasko ba sai da yamma. Biyu sun ɗan langaɓe, na ƙara ruwa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Mako mai nauyi. Tun ranar Talata ganyen ke yanƙwanewa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa. Da abin ya ci gaba na ɗauka ruwan ne ya yi yawa, na rage, na ɗaga kaskon a kan bulo don su tsane. Ranar Alhamis na sayo ruwan taki na fam 4, na zuba, bai hana komai ba. Yau na yi ƙarfin hali na tumɓuke ɗaya. Babu saiwa ko siririya. Gindin ya yi baƙi, ɓawon na saɓulewa a hannu, yana warin ruɓa. Na bi sauran. Duka 8 na babbar bishiyar haka suke. Ganyen da na yi ta murna da shi ashe ɗan abincin da ke cikin reshen ne ya fitar da shi, da ya ƙare shi ke nan.

Cikin masu jan zare kuwa ɗaya ya mutu, uku na tsaye kore shar, da na ɗan ja su na ji ƙasa ta riƙe.

Na kira Baba, don shi ya yi aikin gona shekara da shekaru. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Uwata, ba kowane ice ake dasawa da reshe ba. Cediya da durumi ki sara ki kafa, su kama. Kin taɓa ganin an kafa reshen tsamiya ko ɗorawa? Waɗannan sai iri. Ki bincika, wataƙila ba ice ɗaya kika yanko ba." Na ce, "Baba, ai mai gonar ya ce duk sunansu ɗaya." Ya ce suna ɗaya ba ya sa hali ya zama ɗaya.

Da daddare na koma littattafan tsirrai, maganarsa ta fito. Babbar sallow, wadda masanin tsirrai Carl Linnaeus ya sa wa Salix caprea a 1753, kuma ake kira goat willow, wato ta akuya, ta fita daban a danginta: reshenta ba ya yin saiwa da sauƙi. Dattijo ya faɗi gaskiya game da dangin, sai aka yi rashin sa'a bishiyarsa ce togaciyar. Da na gaya masa ya yi shiru, ya ce shekara talatin yana rage mata rassa bai taɓa gwada dasa su ba.

Na ji zafin abin sosai. Mako shida ina leƙa su safe da yamma.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ina aiki yau. Wata babbar ma'aikaciya da ta kusa ritaya ta ce yau Lahadin ganyen dabino ce a wurin Kiristoci, mako guda kafin Ista, kuma tana yarinya rassan wannan bishiya ake kai wa coci, tunda dabino ba ya fita a Ingila. Saboda haka a ƙauyuka da dama palm kawai ake ce mata. Suna na biyar ke nan da na rubuta wa itace ɗaya.

Da dare ya yi shiru a ɗakin marasa lafiya ina raba magani, na tsaya a kan asfirin. Sinadarin salisin, ɗan'uwan sinadarin asfirin, da aka fara cirowa daga ɓawon wannan dangi daga salix ya samo suna, kuma tun 1763 wani limamin coci, Edward Stone, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa ya gwada garin ɓawon a kan masu zazzaɓi. Nasa na farar willow ne, ba sallow ba, amma gida ɗaya ne. Ke nan kalmar bishiyar ma tana asibiti tun da daɗewa, a cikin kwalbar magani, ban sani ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ganye ya fito sosai, yanzu ana iya tantancewa. A Biritaniya iri uku ne aka fi kira sallow. Babbar, mai ganye kusan zagayayye da ɗan tsini a karkace, bayansa da laushi kamar auduga. Sai mai toka-toka, Salix cinerea, ganyenta ya fi tsawo kuma faɗinsa na wajen ƙarshe, ta fi son wuri mai ruwa. Sai ƙaramar, Salix aurita, mai wasu 'yan kunnuwa biyu a gindin kowane ganye, wadda ta fi yawa a tuddai da ƙasa mai tsami.

Littafin ya ba da gwaji mai sauƙi: a ɓare ɓawon reshe mai shekara biyu. Idan itacen ciki sumul yake, babbar ce. Idan akwai 'yan layuka da suka taso a tsaye, mai toka-toka ce. Muka je da wuƙa. Ta kan iyaka sumul. Ta bakin lambatu da layukanta, ana ji da farce. Ashe ukun da suka rayu Salix cinerea ne. Ba don jan zaren yarinyar nan ba da ban taɓa gane dalilin da ya sa wasu suka kama wasu suka mutu ba.

A adabi kuma kalmar ta daɗe. Mawaƙin Ingila Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya rubuta ta salwes, a cikin wani karin magana kan mai gina gida da rassanta, abin da ba zai yi ƙarko ba. Wani mawaƙin, Keats, shi ma ya sa ta a waƙarsa ta kaka a 1819, inda ƙananan ƙwari ke kuka a cikin sallow na bakin kogi. Yau kam masu tsirrai, masu ƙwari da tsofaffin karkara ne suka riƙe ta.

Asabar, 10 ga Mayu

Bana ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, rana kullum, abin da ba a saba ba a nan. Na yi dare uku a jere ina aiki, kowa a gida ya ɗauka wani ya ba su ruwa, ɗaya ya bushe ƙurmus. Saura biyu. Na sayo manyan kasko biyu da faranti na ƙasa mai riƙe ruwa, fam 9, na sauya musu wuri. Saiwarsu fara tas, ta zagaye tsohon kaskon. Na manna takardar ba-ruwa a jikin firiji, kowa da ranarsa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ban haƙura da babbar ba. Tunda reshe ya ƙi, sai iri, kamar yadda Baba ya ce. Tun Afrilu na sa ido kan wata mace a gefen kogi wajen Kersal, mai zagayayyen ganye, furenta kore. Yau na tarar 'ya'yan sun fashe, farin gashi na tashi a iska kamar audugar rimi. Irin ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙurar barkono, kuma ba sa jimawa da rai, kwanaki kaɗan ne. Na tara a ambulan, ina isa gida na baza su a saman jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin robar ayis-kirim, ban rufe su da ƙasa ba, na dai ɗora leda mai haske. Ban kashe ko kwabo ba.

Talata, 20 ga Mayu

Sun tsiro. Kwana biyu kacal. Ɗigo-ɗigon kore masu ganye biyu, sun fi 40.

Asabar, 31 ga Mayu

Rabi sun kwanta saboda na bar ledar ta daɗe, laima ta yi yawa har farar fumfuna ta fito. Na cire ledar, na koma ba su ruwa ta ƙasa, ina tsoma robar a faranti. Na ƙirga 17 masu ƙarfi. Dole in rubuta a nan cewa babbar da mai toka-toka suna barbarar juna sosai, har gaurayen yana da nasa suna a wurin masana, don haka sai ganyen gaske ya fito, wataƙila ma sai reshe ya shekara biyu na ɓare shi, kafin in ce ga abin da na shuka.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ga bayanin da na tsayar, bayan na goge sau huɗu:

Sallow, suna: gajeren itace na ƙasashe masu sanyi, daga dangin safsaf, mai faɗin ganye, mai son laima, yana fitar da fure mai laushi kamar gashin kyanwa kafin ganye, namiji daban mace daban. Sallow, sifa: fatar da ta koɗe ta yi rawaya-rawaya don rashin lafiya. Asalinsu ba ɗaya ba ne.

Da farko na so in laƙa masa sunan wani icen fadama na gida don mai karatu ya samu abin kamawa. Na fasa. Na riga na ga abin da suna ɗaya a kan itace biyu ya jawo mini a watan Afrilu.

Jimlar kuɗi zuwa yau, ban da jirgi, fam 32 da rabi. Mako mai zuwa, bayan Babbar Sallah, zan raba tsiron 17 a tsofaffin kaskon nan goma sha biyu bayan na wanke su da ruwan zafi, sauran biyar in ba Dattijo. Manyan biyun za su zauna a kasko har Nuwamba, idan ganye ya zube mu dasa su a bakin lambatun gonarsa, nesa da bututun ruwa, don ya gargaɗe ni cewa saiwarsu na bin laima duk inda take. Ya kuma ce in ajiye farin zanen gadon a wurina, Maris mai zuwa ni zan riƙe tocila.